Sunan da Za a Cire Kafin a Sa Nawa

Ku gyara zama, jama'a, domin abin da zan ba ku yau ko ƙawata ban iya gaya wa ba tukuna. 

Ga wanda bai san ni ba, Auta ake ce mini a gida. Ina aiki a shagon gilashin ido, ni ce mai zaunar da mutum gaban allo in ce ya karanta mini layin ƙasa. A nan na haɗu da Dogo. Ya shigo wata rana da gilashinsa a hannu, ƙafa ɗaya ta karye, wai ya faɗo masa daga saman rufi yana ɗaura wa mutane sola. Na gyara masa. Ya dawo wai yana matse masa kunne. Ya sake dawowa wai yanzu kuma ya yi sako-sako. A zuwa na gaba matar da nake wa aiki ta ce masa, "Malam, gilashin nan lafiyarsa ƙalau, ka faɗi abin da ke kawo ka." Ya kuwa faɗa.

Umma ba ta ƙi Dogo ba. Tana ma yabon yadda yake cire takalmi tun daga bakin ƙofa. Abin da ya shiga tsakani shi ne abin da ya samu Yaya. Yayata ta yi shekaru a gidan miji, ita ta zaɓi labulen kowace taga, ita ta dasa lemo a tsakar gida, rana ɗaya aka jera mata akwatunanta a waje. Ta dawo ɗakinmu da 'yarta. Har yau kayan kicin ɗinta suna cikin kwalaye a ƙarƙashin gadona, in na juya da ƙarfi sai in ji faranti ya yi ƙara.

Shi ya sa ranar da Dogo ya zo gaishe ta da maganar aure, Umma ta dube shi ta ce, "Ɗana, ba ni da matsala da kai. Amma wannan 'yar ba za ta shiga gidan da za a iya nuna mata ƙofa ba. In akwai gida, sunanta ya hau takarda. In babu, ku jira har a samu."

Na ji kamar in nutse a inda nake zaune. Shi kuwa ya gyara gilashi, ya ce, "Akwai wanda nake biya a sababbin gidajen da wani kamfani ke ginawa, Umma. Za a sa sunanta."

Za a sa sunanta. Haka ya faɗa, ni kuma ban tambayi komai ba. Na ɗauka nasa sunan za a cire.

Jiya da yamma saƙonsa ya shigo:

"Gobe da hantsi ofishin lauya. Ki zo da katin shaida da hotuna ƙanana. Kamfani zai tura sunayen masu gidaje ofishin ƙasa ƙarshen makon nan, in takardar mallaka ta fito kafin mu gyara, aiki ya dawo sabo."

Na rubuta masa, "Gabana faɗuwa yake."

Ya ce, "Sa hannu ne kawai, ranki ya daɗe. Kin fi ni iya riƙe biro."

Da safe Umma ta riga ni tashi. Ta fito da leshina ruwan toka, ta ce shi zan sa. Na ce mata daga shago zan wuce, kuma dole in ɗora farar rigar aiki a kai. Ta ce ko buhu zan ɗora, leshin nan dai sai na sa shi. Da kanta ta saka katina da hotunan a ambulan, ta lashi bakinsa ta manne, ta sake buɗewa ta duba, ta sake mannewa. Yaya tana tsaye tana goge mini mayafi. Da ta miƙo mini shi da ɗuminsa sai ta ce, "Ki karanta kafin ki sa hannu." Shi ke nan.

Ofishin yana saman wani shagon tayoyi, matakalarsa ƙunci, ana jin warin roba har hawa na biyu. Na riga Dogo zuwa. Ya turo cewa wani inji ya ƙi tashi a wurin aiki, yana nan tafe. Sakatariyar ta karɓi ambulan ɗina ba ta ko ɗago ba, tana buga na'ura da dogayen farata, ta nuna mini benci da haɓa. Fanka tana juyawa da ƙyar, furen roba a kan tebur ya koɗe.

A kan bencin akwai wata mata, za ta girmi Yaya nesa. Atamfarta ba sabuwa ba ce amma ta sha guga, takalminta kuwa ka gani ka san daga tafiya take. Jakarta na kan cinya, ta rungume ta. Tana ƙoƙarin karanta wata takarda, ta miƙe hannu can nesa da fuskarta tana ƙanƙance ido. Ni kuwa da halin aikina, bakina bai iya shiru ba.

"Anti, kina buƙatar gilashin karatu."

Ta yi dariya. "Haka ɗalibaina ke ce mini. In na rubuta a allo ina gani, in na zo duba littafinsu sai in ce su karanta mini da kansu. Likitar ido ce ke?"

"A'a, mai taimaka wa likitar dai."

"To taimaka mini nan, 'yar uwa. Ina aka ce mai janyewa ya sa hannu?"

Na nuna mata layin da yatsa ba tare da na karanta komai ba. Don dai kar shiru ya yi yawa na ce, "Gida kike sayarwa?"

"Ina fa na ga gidan sayarwa." Ta ninke takardar. "Bayarwa nake, ko in ce mayarwa. Ƙanina ne ya saya mini. Ni na raine shi tun da iyayenmu suka rasu, da ya fara samu sai ya ce shi ma zai yi mini abu guda. Bayan rasuwar maigidana ke nan. Ya zo har ɗakin hayarmu, ya tara yarana, ya nuna musu sunana a takarda."

"Allah sarki. Allah ya saka masa."

"Amin. Yaro ne na kirki." Ta gyara riƙon jakar. "Har an kai mu mun gani. Ni na zaɓi tayil ɗin kicin, shuɗi mai haske. Ƙaramar tawa ta riga ta kama ɗakin da ke kallon gabas, wai a nan za ta manna zane-zanenta. Na ma rubuta takardar neman a dawo da ni wata makaranta kusa da wurin."



"To me ya faru?"

"Aure zai yi. Iyayen yarinyar sun ce sai gida da sunanta. Ya zo mini ya rame, ya kasa cin abinci, sai juya cokali yake. Na ce ɗauki, dama kai ka biya. Ba zan zuba ido ya rasa wadda yake so saboda bulo da siminti ba." Ta ɗan yi murmushi. "Yaran dai ban gaya musu ba. Ce musu nake aikin bai ƙare ba. Shi kuma kullum yana saman rufin mutane da wannan solar tasa, ina tsoron tunani ya sa ya zamo."

Jama'a, ban san yadda zan kwatanta muku ba. Fankar nan tana juyawa amma gumi ya tsattsafo mini har cikin leshi. Malama ce. Yayar Dogo da ke koyarwa a wani gari, wadda ko shi Malama yake ce mata, wadda muka taɓa gaisawa a waya layi na yankewa. Kusan kullum sai ya kawo sunanta a hira. Bai taɓa haɗa sunanta da gidan nan ba.



"Kin san ta?" na tambaye ta. "Yarinyar?"

"A hoto kawai. Kyakkyawa. Yau dai zan gan ta." Ta ɗan matso. "Gaskiya ina jin tsoro kaɗan. Kar ta ɗauka ina baƙin ciki. In kin lura fuskata ta canja in sun zo, ki taɓa ni."

Daidai nan muka ji takun mutum yana haɗa matakala biyu-biyu. Dogo ya shigo yana haki, rigar aikinsa da maiƙo a hannu, ya tsaya cak ganin mu a benci ɗaya.

"Au, har kun haɗu?"

Malama ta dube shi, ta dube ni. Na ga lokacin da abin ya sauka a fuskarta. Ta kai hannu ta rufe baki, sannan ta sauke shi ta yi wata dariya da ba ta kai ido ba.

"Ke ce? A hoton ba ki da gilashi." Ta kamo hannuna da nata biyu, tafinta da kaushi. "Ƙanwata, ki manta da surutuna. Malaman makaranta haka muke, in mun samu mai sauraro ba ma tsayawa."

Kafin in amsa sakatariya ta ce Barista na kira.

Barista dattijo ne mai sanƙo, teburinsa cike da fayil har ba a ganin katakon. Ya jera takardu uku a gabanmu, ya yi bayani a hankali kamar mai karanta wa yara. Tunda takardar mallaka ba ta fito ba, in ji shi, abin mai sauƙi ne. Mai saye ta farko za ta sa hannu cewa ta janye da yardarta, ba wanda ya tilasta ta. Sabuwar mai saye za ta sa hannu cewa ta karɓa. Kamfani ya buga hatimi, a sauya suna a yarjejeniya, shi ke nan takardar mallaka za ta fito da sabon suna.

"Daga ranar kuma," ya dubi Malama ta saman gilashinsa, "ba ki da komai a gidan nan. Ko ke, ko 'ya'yanki. Kin fahimta?"

"Na fahimta."

"Da yardarki?"

"Da yardata."

Ta miƙe hannu nesa da fuskarta, ta nemo layin da ni da kaina na nuna mata ɗazu, ta sa hannu. Rubutunta mai kyau, irin na allo, kowane harafi a tsaye. Barista ya juyo da takarda ta biyu gabana. Ga sunana an buga shi cikakke. Ya miƙo mini biron.

Na karɓa. 

"Barista, a ba ni minti kaɗan." Na dubi Dogo. "Zo."

Muka fita kan matakala. Daga ƙasa ana jin ƙarar injin hura taya.

"Me ya sa ba ka gaya mini ba?"

"Ban yi miki ƙarya ba, Auta."

"Ban ce ka yi ƙarya ba. Na ce me ya sa ba ka gaya mini ba."

Ya cire gilashi yana goge shi da gefen riga, yana ƙara ɓata shi da maiƙo. "Don na san abin da za ki yi ke nan. Ita ta ce in ɗauka, wallahi ban roƙe ta ba. Zan sake saya mata wani, ki ba ni lokaci."

"Yaushe? 'Yarta ta riga ta zaɓi ɗaki."

"Na sani." Muryarsa ta yi ƙasa. "Ni na ɗaga ta ta leƙa tagar. Kina ganin ina barci ne tun da aka fara maganar nan? Umma ta ce in babu gida mu jira. Kin san jiran nan ba shi da rana. Kuma ina sane da masu zuwa gaishe ta da manyan motoci."

"Sai ka ɗauko gidan marayu ka ba ni."

Ya runtse ido kamar na mare shi. Na yi nadamar yadda na faɗa, amma ban janye ba.

"To me kike so in yi?" ya ce. "Faɗa mini. In rasa ki?"

 Ina son mutumin nan. Ko a lokacin, da maiƙo a gilashinsa da idonsa ja, so nake in karɓi gilashin in goge masa da kyau. Amma na hango kaina ina dafa abinci a kicin mai shuɗin tayil, ina kwana a ɗakin da ke kallon gabas, yaran suna zuwa hutu suna ce mini Anti.

Na koma ciki na ajiye biron a kan takardar.

"Barista, ba zan sa hannu yau ba."

Ya ɗaga kafaɗa, alamar ya saba ganin irin haka. "Ra'ayinki ne. Amma in aka tura sunaye ƙarshen mako, da nata sunan za a tura. Bayan nan sai dai a bi hanyar kyauta ko sabon ciniki, da harajinsa da jiransa."

Malama ta miƙe. "Ƙanwata, saboda abin da na faɗa ne? Don Allah kar ki yi mini haka."

Na durƙusa na gaishe ta yadda ya kamata tun farko, na ɗauki jakata na sauka. Dogo ya kira sunana sau ɗaya. Ban waiwaya ba, don na san in na waiwaya zan koma.

Ban iya komawa shago ba. A cikin mota wayata ba ta huta ba. Umma: "An gama?" Umma kuma: "Ki ɗauko mini hoton takardar." Dogo: "Ki ɗaga don Allah." Na kife ta a cinya.

Na samu Umma a falo ta sa turare, ta canja zanen kujeru kamar mai jiran baƙi. Yaya na gefe tana yi wa 'yarta kitso. Na zauna a ƙasa na faɗa musu komai, tun daga benci har matakala.

Umma ta saurara har ƙarshe. Ba ta ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi ba ni tsoro.

"Matar ta sa hannu?"

"Ta sa."

"An tilasta ta?"

"A'a, Umma, amma..."

"To ke mene ne naki? Shi ya biya, ita ta yafe. Kina ganin ni ba ni da tausayi ne? Tausayin nan shi ya kai Yayarki inda take. Duk abin da aka ce ta bari, ta bari, don kar a ce ba ta da kirki. Ranar da aka fitar da ita wa ya tuna kirkinta?" Ta nuna ƙofar ɗakinmu. "Ni na je na kwaso kwalayen nan. Ni. Ba zan sake kwaso na wata ba."

"Umma, yara ne da ita."

"Ni ma yara ne da ni."

 Sai Yaya ta zare hannu daga kan 'yarta ta ce mata ta shiga ɗaki. Ta jira har ƙofa ta rufu.

"Umma, in ce wani abu?"

"Ki ce."

"Ranar da na fito, abin da ya fi ci mini rai ba akwatunan ba ne. Yarinyar nan ce da take tambayata yaushe za mu koma ɗakinta, ni kuma ina ce mata gyara ake yi."  "Abin da matar can take gaya wa nata ke nan yanzu. Ba na son a ce saboda ni ne."

Umma ta dube ta. Na ɗauka za ta sauko. Sai ta miƙe ta ɗauki wayarta.

"Kun haɗe mini kai ke nan. To shi ke nan. Zan kira Baffanku a dakatar da maganar. Kuma ba na son ganin kowa daga gidansu."

Ta shige ɗakinta. Na ji ta murɗa makulli.

Na cire leshin nan na jefar a kan gado, na zauna da 'yar shimi ina kallon waya. Saƙon Dogo na ƙarshe ya tsaya a sama: "Na kai Malama tasha, ta ce in tafi kar in jira. Auta, ki ce wani abu." Na rubuta, na goge. Na sake rubutawa, na goge.

Bayan la'asar aka ƙwanƙwasa ƙofa. Yaya ta je ta buɗe, na ji ta tana cewa sannu da zuwa da muryar da ake yi wa baƙon da ba a sani ba. Na yafa mayafi na leƙo.

Malama ce, da jakarta a rungume. Ta ce sakatariyar lauya ce ta kwatanta mata gidan. Ta cire takalmi tun daga bakin ƙofa, ta dube ni ta gyaɗa kai kawai.

"Ba wurinki na zo ba, ƙanwata. Ina mahaifiyarku?"

Yaya ta nuna mata ƙofar da ke kulle, ta ce a hankali, "Ta ce ba ta son ganin kowa."

Malama ta taka har bakin ƙofar, ta yi sallama. Shiru. Ta sake yi. Daga ciki Umma ta amsa a taƙaice, ta ƙara da cewa, "Baiwar Allah, ki yi haƙuri, ba ni da abin cewa."

"Ni ina da shi, Hajiya. Ni ce wadda sunanta ke kan gidan." Ta ajiye jakarta a ƙasa, ta zauna a kan tayil ta jingina da bango, ta miƙe ƙafafunta da suka kumbura. "Motar garinmu ta riga ta tashi, da gangan na bar ta. Yarana na wurin maƙwabciya. Ko ki saurare ni, ko ki sa a ba ni tabarma."

Yaya ta damƙe hannuna har na ji zafi.  Sai muka ji makullin ya juya, ƙofar ta buɗe kaɗan, Umma ta tsaya tana kallon matar da ke zaune a ƙasa.

"Tashi ki shigo," ta ce. Sannan ta ɗago ta dube mu. "Ku biyu, waje."

Ga ni nan a tsakar gida a kan bokitin da na kife, ina rubuta muku wannan. Tagar Umma a rufe take, labule a sauke. Tun da suka shiga ban ji muryar ko ɗaya ta tashi ba, kuma yanzun nan Umma ta leƙo ta ce wa Yaya ta kira mata Dogo, ya zo shi kaɗai.